Taragon da Baba Ya Goge

Sabon Gari, Zariya
Janairu, 1989

Ƙanina Lado,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da matarka Fatsuma da 'yar Mairo da har yau a hoto kaɗai muka san ta. Mu nan sai godiya. Ƙafata ce dai take taɓa ni in na daɗe tsaye a gaban allo, amma wannan ciwon malaman makaranta ne, ba ya kisa, ba ya kuma warkewa.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Jikin ya ja baya, Lado. Ba ciwo ba ne da za a nuna da yatsa, tsufa ne da zaman shiru. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu kuwa sai ya kawo abu dab da hanci yake ganinsa. Da safe in shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya zauna ya juya kunne wajen layin dogo. In jirgi ya yi kuka ya ce ya makara, ko ya ce wannan direban bai iya birki ba, shi ke nan maganarsa ta yini. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a reluwe, tun yana goge kan jirgi da tsumma a loko, inda ake gyaran jirage, har ya zama direba, yau hannuwansa suna kan gwiwa kamar an ba shi ajiyarsu.

Sunanka kuwa har yanzu bai koma bakinsa ba. Tun da aka kai Inna makwancinta, aka yi ta duban hanya har sadakar arba'in ba ka zo ba, in zai yi zancenka sai ya ce "ɗan'uwan nan naki". Na gaji da ba shi haƙuri, na gaji da nema maka uzuri. Ka ce umara za ka yi ka dawo kafin damina, ga shi an yi damina fiye da goma ba kai. Ba faɗa na zauna yi maka ba, ba ni da ƙarfinsa. Tsorona ɗaya ne, kada tsohon nan ya koma ga Allah da kai a ransa ba ku daidaita ba. In haka ta faru kai za ka ɗauki kayan, ni kuma in yi ta kallonka kana ɗauka.

Abin da ya ba ni ɗan ƙwarin gwiwa, shekaranjiya ina ba shi kunu sai ya ce, "Wai shi ɗan'uwan nan naki, wace sana'a ce ta riƙe shi haka?" Ni ma ban sani ba, domin duk wasiƙunka "aiki da godiya" kawai kake rubutawa. Don Allah ka buɗe baki ka faɗa mini abin da kake yi, in samu abin gaya masa. Tambayar farko ke nan da ya yi a kanka cikin shekaru.

Yayarka,
Zinariya


Sa'alaba, Jidda
Maris, 1989

Yaya Zinariya,

Wasiƙarki ta same ni ta hannun Alhaji Salihu. Na karanta ta a tsaye a bakin masallaci, na je gida na sake karanta ta a zaune. Ina gaishe ki, ina gaida Baba ko da ba zai amsa ba. Allah ya ba shi sauƙi, ke ma ya sassauta miki ƙafa. Fatsuma tana gaisuwa. Mairo ta fara famfarar haƙora, Hausarta kuwa rabi da rabi, in na ce zo ta ce "tayyib" wato to, ta ƙi zuwa.

Maganar tahowa kin san ta. Ba ni da iƙama, wato takardar zama. In zan bar ƙasar nan ta tarhil zan fita, inda ake tara marasa takarda a kwashe su, kuma ƙofa ta rufe a bayana ke nan. Lokacin rasuwar Inna, Fatsuma na da tsohon ciki. Tsohon zance ne, ba zan sake gajiyar da ke da shi ba.

Kin tambayi sana'a. Kada ki yi dariya, jiragen ƙasa nake yi wa fenti, a garin da babu ko taku ɗaya na layin dogo.

Maigidana Ustaz Abdulghani yana da shago a unguwar Bani Malik inda ake ƙera ƙananan gidaje na kwali da katako, waɗanda 'yan kwangila ke nuna wa masu kuɗi kafin a fara gini. Abincin shagon ke nan. Amma shi ransa yana saman bene, a wani ɗaki da ya shimfiɗa layin dogo a kan tebur, har da tashoshi da gadoji. A Jamus ya yi karatu, kullum irin waɗannan jirage yake shiga zuwa makaranta, yanzu da tsufa ya sa hannunsa rawa sai ya ce in dawo masa da su ɗaya bayan ɗaya. Na lantarki ne, masu kai ma'aikata cikin gari da safe su mayar da su da yamma. Ba su da kai irin na Baba. Injin yana ƙarƙashin taragon, a kan rufi kuma akwai wani ƙarfe da yake miƙewa ya shafi waya ya sha wuta. Kowane tarago bai wuce tsawon kamun Mairo ba.

Tsirara ake aiko masa su, tagulla zalla. In wanke da sabulu, in yi shafen farko, in jira. In manna salatif in raba sama da ƙasa, sama ruwan madara, ƙasa shuɗi, in sake jira. Rabin aikin nan jira ne, domin danshin Jidda ba ya barin fenti ya bushe, ga ƙuda ga ƙura, sai na kife tarago da tasa kamar tuwon baƙo. Sannan rubutu. Yaya, ni ne fa wanda yake rubuta wa direbobi SAI HAƘURI a goshin mota a tashar Kwangila, ana karantawa tun daga nesa. Yau harafina bai kai ƙwayar riɗi ba. Buroshin da kaina nake aske shi sai gashi biyu ko uku sun rage, in sa gilashin ƙara girma, in ɗauke numfashi, in kwaikwayi sunayen garuruwan da ban iya faɗa ba daga jikin hoto. Kafin la'asar idona kamar an watsa barkono. Ustaz ya leƙo ya ce, "Mumtaz ya Lado, ya yi kyau, yalla, na gaba." In na tuna masa maganar iƙama ya ce, "Bukura in sha Allahu." Wannan goben tasa na yi furfura ina jiran ta waye.

Akwai tarago ɗaya da ya zo da 'yar lotsawa a gefe, Ustaz ya ce in ɗauka. Na miƙar da shi. Shi zan yi wa Baba, in ba Hajiya Barakatu in ta zo umarar azumi. A allon goshinsa zan rubuta ZARIYA - KANO, hanyar Baba. Zan kuma yi masa wani aiki da ba kowa ya iya ba, ba zan gaya miki ba, Baba zai gane da kansa. Tunda ya tambaya, gara hannuna ya ba shi amsa, bakina bai taɓa iyawa da shi ba.

Ƙaninki,
Lado


Sabon Gari, Zariya
Yuni, 1989

Lado,

Ina gaishe ku duka, an sha ruwa lafiya, an yi salla lafiya. Damina ta sauka, ɗakin Baba yana ɗan yoyo ta kusurwa, mun kafa bokiti. Shi jikin yana nan yadda yake.

Hajiya Barakatu ta kawo saƙo. Dabino da turare sun iso, mun gode. Amma Auta, tsakaninka da Allah, me ka aiko wa mahaifinka? Na yi ta ɗoki, na gaya wa maƙwabta ɗan'uwana zai aiko da aikin hannunsa daga Jidda. Na kwance kwali, na ɗaga auduga, sai ga abu duk ƙura, rufinsa baƙi ƙirin, ƙafafunsa da tsatsa, tagogi dishi-dishi kamar an tono shi a bola. Da farko na ce wahalar hanya ce, amma audugar da ka naɗe shi da ita fara ce tas. Ashe haka ka ɗauko shi. Ko sabulu babu a Jidda? In wanda maigidanka ya yar ne ka ɗauka, ai ko hura masa iska ka yi kafin ka naɗe. Kunya ta hana ni nuna wa kowa.

Na so in wanke shi kafin in kai wa Baba, sai ya jiyo ƙarar takarda ya ce mene ne. Na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya shafa gaba ya shafa baya, ya ce, "Ina kan?" Na ce ba shi da kai, na lantarki ne, kamar yadda ka rubuto. Ya ce, "Jirgi ba hayaƙi, kamar tuwo ba miya." Ya ƙirga ƙafafun da yatsa, ya taɓa ƙarfen nan na rufi, ya ɗaga shi ya sauke. Can ya goga babban yatsa a rufin, ya kawo dab da idon hagu, ya ga baƙi. Sai ya ce, "Ɗan'uwan nan naki bai san aiki ba. Ba a fitar da jirgi daga loko da datti."

Ya ce in kawo masa kananzir da tsohon tsumma. Ya yage tsumman siri-siri, ya naɗa a tsinken tsintsiya, ya zauna a kansa har azahar ta wuce, washegari ma haka. Yanzu ka ga jirginka, sai ƙyalli yake, shuɗin ya fito, ruwan madarar ya fito. 'Yan fararen rubuce-rubucen nan dai sun bi dattin sun tafi, har da na goshin, amma wannan ba komai ba ne.

Ban faɗi wannan don in ɓata maka rai ba. Nan gaba in za ka aiko wa babba abu, ka tsabtace shi.

Yayarka,
Zinariya


Sa'alaba, Jidda
Agusta, 1989

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi, sai cunkoson alhazai da bai gama watsewa ba. Na ba wani alhajin Samaru wannan, Allah ya sa ta iso.

Wasiƙarki na ajiye ta kusan sati ban iya amsawa ba. Yaya, wannan dattin shi ne aikin. Fenti sabo kowane yaron shago zai iya shafawa. Abin da Ustaz yake riƙe da ni dominsa shi ne in sa tarago ya tsufa, ya zama kamar ya sha hanya, ya sha rana, ya ɗauki mutane ya sauke. Masu wannan sana'a a nan suke gane gwani.

Bari ki ji abin da kananzir ya wanke. Baƙin rufin nan kunkunniya ce da na kankaro daga gindin tukunyar Fatsuma, na tankaɗe ta da ƙyalle. Na san jirgin lantarki ba ya hayaƙi, na sa ne don na Baba yana yi. Tsatsar ƙafafun ƙusa na jiƙa a ruwa har ta ba da launi. Jar ƙurar da ke ƙasan tagogi ita ta fi ba ni wahala, domin Jidda ba ta da jar ƙasa, sai da na samu fasasshen tulun wata Bakanuwa a unguwar Mahjar na niƙa. Na yi ta ɗorawa da busasshen buroshi, kaɗan-kaɗan, duk Juma'ar da zan huta a kansa na ƙarar, tun kafin azumi har dab da salla. Ban rufe shi da man ƙyalli ba don kada ƙurar ta mutu. Ina yi ina tuna jirgin Baba in ya shigo daga Kano da yamma, ni da ke muna tsaye bakin waya da kwanon abincinsa. Launin nan nake nema, kuma wallahi na same shi. Na ce ko idonsa bai gani ba, yatsansa zai gaya masa cewa ɗansa bai manta ba.

Sai ga amsa, ban san aiki ba. Na ji. Shekarun nan duk ina cewa ko ba komai akwai abu ɗaya da na iya, wanda in ya gani zai ce zaman yaron nan ba a banza ba. Ya sa tsumma ya goge shi, har da sunan garinmu. Ni ya goge, Yaya, ba sai an fassara mini ba.

Ban yi fushi da ke ba, ba ki sani ba, ni ma ban gaya miki ba. Gajiya ce kawai ta yi mini yawa. Idona na hagu ya fara ganin layi ɗaya biyu, ga taragon Ustaz jere suna jirana. Kada ki ƙara matsa masa da zancena, ki bar shi ya huta. Halas, magana ta ƙare. Zan riƙa aiko da abin da ya samu, amma rubutu kam ki ɗan yi mini uzuri.

Lado


Sabon Gari, Zariya
Disamba, 1989

Auta,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka. Wasiƙarka sai makon jiya ta zo hannuna. Alhajin naka ya manta ta a aljihun akwati, sai da matarsa za ta shanya kaya ta gani. Wata huɗu ke nan ina cewa ko an kama ka, ko ciwo ne, ashe kana can kana cin tuwon fushi kai kaɗai.

Na karanta na yi dariya, na koma na yi kuka. Gindin tukunya, Lado! Ka yafe mini maganar bola, jahilci ne, malamar makaranta ma tana da nata. Amma kai ma ka karanta wasiƙata da idon mai neman laifi. Ka ga "bai san aiki ba" ka tsaya nan, ba ka ga inda na ce ya zauna a kansa har azahar ta wuce ba. Mutumin da hannunsa bai ɗauki komai ba sai cokali tun rasuwar Inna.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Tun daga ranar, kullum in na shimfiɗa masa tabarma sai ya ce in kawo jirginsa. Jirginsa fa yake cewa. Ya goge shi tun daga rufi har ƙafafu, ya hura, ya ajiye a gefensa ya rufe da hula. Yaran unguwa in sun leƙo ya kore su, ya ce ba a wasa a loko.

Ban karanta masa wasiƙarka duka ba, na dai gaya masa dattin nan da gangan ka sa, na faɗa masa na tukunya da na ƙusa da na tulu, da yadda kake tuna jirginsa in ya shigo daga Kano. Can ya ce, "Ashe shi ya sa jar ƙasar ta tsaya a ƙasan taga, ba ta hau sama ba. Haka take yi." Sannan ya ce, "To ai ya yi aikinsa, ni ma na yi nawa. Jirgi in ya dawo daga tafiya goge shi ake yi."

Ya lalubo taragon, ya shafa goshinsa inda rubutun yake a da, ya ce, "Nan ne na yi ɓarna. Jirgin da ba a rubuta masa inda za shi ba, ba ya barin tasha." Na ce akwai mai rubutun allo a bakin kasuwa, in kira shi. Ya ce, "Wa ya aike ki? Ki ce wa Lado ya zo ya mayar da abinsa."

Lado ya ce. Da kunnena na ji, sai da na fita tsakar gida na dafa bango.

Ba zan ɓoye maka ba, jikin ya ƙara sauka. Kunu ma sai da lallashi, sallar yanzu a zaune yake yi. Na san abin da tahowa za ta ci maka, na san akwai mace da 'ya, ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Saƙo aka ba ni, na isar.

Yayarka,
Zinariya


Sa'alaba, Jidda
Fabrairu, 1990

Yaya Zinariya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ki ce masa Lado yana gaishe shi, ki faɗi sunan da ƙarfi.

Wannan karon wasiƙarki ba ta yi nawa a hanya ba. Na karanta wa Fatsuma, inda ba ta gane ba na juya mata da Larabci. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Ruh ya Lado, ka tafi. Uba wahid ne, ɗaya tak, ma fi, babu na biyu." Ita a nan aka haife ta, takardarta tana ƙarƙashin ta mahaifinta, ba ta taɓa taka Najeriya ba. Za su koma gidansu a Mahjar ita da Mairo. Yadda za mu sake haɗuwa, a nan ko a can, ban sani ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa na sani. Mairo ta tambaye ni ko zan dawo kafin haƙorinta ya fito, na ce ta je ta ɗebo mini ruwa.

Ustaz bai ji daɗi ba. Ya nuna mini taragon da suka rage a tsirara, ya ce in gama masa su tukuna, ya rantse wannan karon iƙamar ta kusa. Na ce, "Ya Ustaz, akwai wanda ya riga ka ba ni aiki." Ya yi ta faɗa, daga baya ya zauna ya cire tabarau ya ce shi ma yana Jamus nasa uban ya rasu. Ya ɗauko 'yar kwalbar farin fenti ya tura mini a kan tebur.

Jibi zan je ƙarƙashin gadar da marasa takarda suke taruwa, in zauna har a zo a kwashe mu. Ba a barin mutum da kaya mai yawa. Buroshin na zura shi cikin bututun biro, yana aljihun gaba, fentin na juye a kwalbar maganin ido. Kada ki sa wa Baba rana, domin tarhil ba ta da rana, wani sati biyu, wani wata uku. Ki dai ce masa mai rubutu ya taso. Ki kuma yi ta lallashinsa da kunun nan, don Allah, Yaya.

Ƙaninki,
Lado


Sabon Gari, Zariya
Mayu, 1990

Fatsuma,

Assalamu alaikum. Ki ba Turai maƙwabciyarku ta karanta miki, ta bi a hankali. Ina fata kina lafiya, ke da Mairo da su Abbanki. Na iso, na rame, amma lafiya lau. Zaman tarhil ba zan ba ki labarinsa a takarda ba, a can na yi rabin azumi. Daga Kano na shigo mota, Yaya ta gan ni a ƙofa, sai duka take kai mini a kafaɗa.

Na same shi da rai, alhamdu lillahi. Ya ƙanƙance, Fatsuma, kamar a ɗauke shi da hannu ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, duk maganar da na shirya a tarhil ta gudu. Ya ce, "Ka zo?" Na ce, "Na zo, Baba." Ya ɗaga hula ya miƙo mini taragon ya ce, "To ga shi nan." Iyakar tarbar ke nan.

Na zauna a gefen tabarmar na rubuta. Babu gilashin ƙara girma, ido na kawo ruwa. Tunda nake ban taɓa yin rubutu mai muni irin wannan ba, da Ustaz ya gani da ya kore ni. Baba ya ce, "Me ka sa?" Na ce, "Zariya zuwa Kano, kamar da." Ya ce, "To."

Washegari na fito gaishe shi, zaure duk warin kananzir, goshin jirgi fari fat babu ko ɗigo. Ya ce, "Ka ga, hannuna ya zame. Sai ka sake." Na sake. Kashegari ma hannun ya zame. Yaya ta ɓoye kananzir ɗin, ya sa farce ya kankare. Tun ina jin haushi har na gane. In ina rubutun ne kaɗai yake magana. Ya ba ni labarin tashoshi, da ranar da saniya ta tsayar da shi a kan gada, da yadda ya fara ganin Inna tana tallar fura ta taga. In na kusa gamawa ya ce, "Kada ka yi sauri, ba a gaggawa da rubutun jirgi."

Jiya ina tsakiyar harafin farko na ajiye buroshi na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "In ban yafe ba zan ba ka jirgina ka taɓa? Rubuta, fenti zai bushe." Ya lalubo kaina ya dafa, har yanzu hulata tana warin kananzir, ban wanke ta ba. Na ƙarasa rubutun ban ga abin da nake yi ba.

Kewarku tana damuna, ba na ɓoyewa. In na ga yarinya mai giɓi a hanya sai na tsaya. Ki gaya wa Mairo ban manta da maganar haƙorinta ba. Na fara zagayawa Kwangila ko zan samu motocin rubutu, in abu ya daidaita mu san yadda za a yi da ku.

Roƙo ɗaya nake da shi. Ki je Bani Malik ki gaida Ustaz, ki ce ya taimake ni da farin fenti irin wancan, ki ba duk wanda zai taho cikin alhazai. Na kasuwar nan kauri gare shi, ba ya bin buroshina. Na kwalbar maganin idon ya kusa ƙarewa, kuma kullum addu'ata ya ƙare ya bar Baba da rai, in buƙaci wani. Ki ce masa babbar kwalba.

Mijinki,
Lado